Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwaɗon Zuma

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban gajiyar aman ƙwallaye, na rubuto ne don in kare ka daga ƙarar da shugabannin ofis da iyayen yara suka daɗe suna kaiwa, wai kai ɓarawon lokaci ne. Ni a ganina malami ne kai da ba a taɓa biya albashi ba. Tun da kamfanin PopCap na Amurka ya sako ka cikin wasan kwamfuta na Zuma a 2003, ka bi faifai da filas ka shiga kwamfutocin gida da shagunan buga takardu, daga Kafanchan zuwa Kagoro, Zonkwa da Kwoi, ba ka nemi intanet ba, ba ka nemi data ba. Kana zaune tsakiyar allo, ƙwallaye masu launi suna tahowa a jere kamar taragun jirgin ƙasa za su shiga mahaɗar Kafanchan, mai wasa ya auna ya harba, uku masu launi ɗaya su haɗu su fashe, kafin jerin ya faɗa bakin ƙoƙon kan da ke jira a ƙarshen hanya.

Wanda ya yi awa guda yana wannan aunawa, hannunsa ya daina rawa a kan linzamin kwamfuta, kuma wannan ba ƙaramin ilimi ba ne. Kamfanin Microsoft ma da gangan ya saka wasan kati na Solitaire cikin Windows a 1990 don mutane su saba da jan linzami. A nan gida, hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, sai ga shi a 2017 ta kawo tsarin maɓallai takwas saboda ɗalibai da yawa linzami na ba su tsoro. Yaron da ya riga ya sha karatu a hannunka, ko Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya yake nema ko jami'a, tambayoyin ne kaɗai damuwarsa.

Masu ƙara za su ce ma'aikaci yana harbin ƙwallo alhali fayil na jira. Gaskiya ne, amma fayil ya iya jira tun zamanin tafireta, lokacin da jarida da hira ke cinye rabin yini. Ka tarar da lalaci ne, ka ba shi abin yi. Za su ƙara da cewa kana da shiga rai, mutum ya ce zagaye ɗaya ya wayi gari. Wannan ma ba ƙarya ba ne, sai dai a dubi ƙanwarka Candy Crush da ta zo a 2012: rai biyar take bayarwa, in sun ƙare ka jira ko ka biya, kuma tana bin mutum cikin aljihu har coci da masallaci. Kai kuwa da an ɗauke wuta ka sallami ɗalibi, kowa ya kama gabansa.

Don haka ina ba da shawara a daina ɓoye ka da sauri in an ji takun oga. A naɗa ka Sarkin Malaman Linzami na Kudancin Kaduna, a kuma biya ka bashin albashi. Sharaɗi ɗaya ne: ka riƙa rufe aji daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma.

Naka mai biyayya,
Wani mai kishin ilimi, Kafanchan