Na Tsira a Falgore, Na Sha Kashi a Gida

Dajin Falgore bai yi min komai ba. Mun taka gefen Kogin Kano tare da wani ma'aikacin gandu, yana ba mu labarin yadda aka keɓe dajin tun 1949, mun ga birai da zabbin daji, mun kwana a tanti. Ɓarayin shanun da kowa ya tsoratar da ni da su, ko ƙurarsu ban gani ba. Kaska da ƙarangiya kaɗai suka kawo min hari. Wahalar gaske sai da na fito bakin titi ta fara.

Jakar goyon da na saya a gwanjon Ƙofar Wambai ta kai tsayin yaro ɗan firamare. A ciki akwai tanti, bargo, tukunya, safa mai warin hayaƙi, da galan ɗin zuma da na saya don tsarabar Hajiyarmu. A Tudun Wada yaron mota ya kalle ta ya ce, "Malam, wannan ai kuɗin kujera za ta biya." Na ce sam. Sai ya cusa ta a but, ya ɗora mata buhunan masara, ya hau ya tattaka. Na ji wani abu ya ce fus, na ɗauka taya ce.

Kusa da Kwanar Dangora aka tsayar da mu a shingen bincike. Mutum ya fito daga wajen Falgore da gemu buzu-buzu da ƙatuwar jaka, dole a yi masa tambaya. Jami'in ya zura hannu cikin jakar har gwiwar hannu, ya zaro shi yana ɗiga. Ya tsaya, ya lasa, ya ce, "Kai, wannan ba haɗi. A ina ka samo?" Daga nan har Kano, duk ƙudan da ke kan hanya a motarmu ya yi tafiya.

A Unguwa Uku na tare adaidaita sahu na ce Goron Dutse. Unguwarmu fa tana da dutse mai tankin ruwa a kai, tana da masallacin Isyaka Rabi'u a kan titin Aminu Kano, amma direban da ya dubi bargona da tukunyata, gidan yarin unguwar kawai ya faɗo masa. Ya sassauta murya ya ce, "Maigida, ziyara za ka kai, ko kai ne za ka koma?" Wata dattijuwa da ke ciki ta janye jikarta jikinta, ta sauka a Tal'udu, ko canjinta ba ta jira ba.

Ana kiran magariba na iso ƙofar gida. Na yi sallama a soro, muryata ta dushe. Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Almajiri, a yi haƙuri, ba a sauke ba." Sai da na kira sunanta ta kwasa a guje tana ihu. Hajiya ta fito, ta dube ni sama da ƙasa, ta toshe hanci ta ce, "Kai, wannan jakar ba za ta shigo min gida ba. Kai ma sai ka yi wanka da sabulun salo." Jaka ta kwana a soro. Kafin asuba cinnaku da tururuwa sun kafa mata layi tun daga bakin kwata, Baba ya fito masallaci ya taka su da ƙafa ba takalmi. Abin da ya faɗa ba ya cikin azkar ɗin safiya.

Hantsi na yi, maƙwabta suka fara shigowa barka da arziki, don labari ya zaga cewa masu garkuwa ne suka sako ni. Wata ma ta kawo kunu. Wani dattijon layinmu ya zaunar da ni, ya ce, "Ɗana, nawa aka biya?"

Na ce, "Baba, ba wanda ya kama ni. Yawon buɗe ido na je. Ni na biya kuɗin mota da na ɗan rakiya."

"Da kuɗinka ka je ka kwana a daji?"

"E, Baba."

Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ɗaga murya ta cikin gida ya ce, "Hajiya, a aiko da allo. Yaron nan rubutu yake buƙata."