Laifin Ba Na Tantan Ba Ne

Ina cikin masu cewa duk wanda ya gaji tsohuwar tantan kada ya kuskura ya sayar wa 'yan gwangwan. Dubi Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera a Ingila tsakanin 1964 da 1975: injin Perkins ne mai silinda uku, babu kwamfuta, babu wayar da za ta gagari bakaniken ƙauye. Har gobe irinta na kai taki gona, ta jawo tankin ruwa, ta kwaso kara, ranar biki ta ɗauki kayan ɗakin amarya. Haka 'yan uwanta Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi. Masu kushe ta na cewa batirinta ya mutu tun mulkin soja. Gaskiya ne, amma mai dabara a kan gangara yake kwantar da ita, da safe ya janye dutsen da ya tokare taya, ya sa giya, ya saki kuloci, ta yi tari ta tashi. Suna cewa tana hayaƙi. Wannan kuma sauron unguwa ya kamata ya kai ƙara.

Ƙorafi ɗaya ne ba na iya turewa, wato mutuwa a bainar jama'a. Baiwar Allahn nan ba ta mutuwa a daji inda babu mai gani. Sai ranar kasuwa, a bakin tasha, tirela maƙil da kashin shanu, ta gicciye hanya sannan ta yi shiru. Allurar mai ta daɗe da yin ritaya, gas ya ƙare, injin ya zuƙi iska. Mai ƙaramar mota yana iya sunkuyawa a bayan gilashi har a manta da shi. Mai tantan kuwa yana can ƙoli a kan kujerar ƙarfe, ba ƙofa ba rufi, kamar ango a kan doki, sai dai abin da ke tashi a bayansa ba turare ba ne. Ya murɗa makulli, ƙas. Ya gyara hula, ya sake murɗawa, ƙas, alhali duk garin an san makullin nan ado ne. Masu motoci na danna oda, ƙudaje sun taru, mai tsire na janye teburinsa, ga surukinsa ya fito daga masallaci ya tsaya yana jan carbi. Shi kuma ya sake murɗawa.

Duk da haka ina nan a kan bakana, domin ciwon ƙarami ne kuma sananne. A zuba gas, a sassauta ƙusar da ke kan filta, a yi ta buga ɗan famfon hannu har kumfa ta daina fita, a sassauta bututun nozul, samari su tura. Masu ba da shawara ne ke mayar da shi aikin yini guda. Ɗan acaɓa zai rantse kafireta ce ta toshe, a injin da ba a halicce shi da kafireta ba. Mai shayi zai ce a ɗura mata fetur kaɗan ta ji ƙarfi. Wani zai doki taya da ƙafa ya girgiza kai. Gwanina shi ne dattijon da ke ratso taron da sanda, ya leƙa injin ta gefen da babu komai, ya ce, "Yaro, filogi ne." Mai tantan ya durƙusa cikin ladabi ya ce, "Baba, ai injin gas ba shi da filogi, matsin iska ne ke kunna shi." Dattijo ya waiwayi jama'a ya buga sanda: "To kun ji! Wa ya cire?"