Marigayin da Ya Ƙi Nutsewa

Duk Bahaushen da zai auri 'yar Sikotland, kamata ya yi waliyyansa su gaya masa tun kafin a shafa fatiha cewa mutanen nan ba sa barin mamaci ya huta. Mu in an kai mutum makwancinsa, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, sai kuma addu'a. Su kuwa bayan shekara 140 sai ka ga tsohuwa ta ɗora tabarau a karan hanci tana son sanin ƙarfe nawa kakan ubanta ya cika, wace cuta ce ta yi ajalinsa, wa ya je ya shaida wa hukuma. Abin haushi kuma, duk a rubuce suke.

Surukata haifaffiyar Dundi ce, birnin da ya yi suna da saƙa buhun algarara. Mama nake ce mata. Ta sha roƙona in kira sunanta gatsal yadda sauran surukanta suke yi, amma ina, bakina ba zai iya ba. Danginsu suna da gwarzo guda ɗaya tak da suke tinƙaho da shi, kakan mahaifinta, wanda aka ce ya halaka a haɗarin gadar Tay.

A Dundi ko yaron goye ya san labarin. Daren Lahadi, 28 ga Disamba 1879, iska mai ƙarfi ta karya tsakiyar gadar a daidai lokacin da jirgin ƙasan da ya taso daga Burntisland yake kanta. Jirgi da fasinja duka suka afka kogi, ba wanda ya fita. Gadar ko shekara biyu ba ta yi da buɗewa ba. Wata shida kafin nan Sarauniya Biktoriya da kanta ta ratsa ta, ta kuma karrama injiniyan da ya zana ta, Thomas Bouch. An yi ƙiyasin mutum kusan 75 ne a jirgin, amma 59 kaɗai aka tabbatar da sunayensu, gawa 46 aka tsamo. A cikin wannan rata da ke tsakanin 59 da 75 dangin Mama suka ajiye kakansu.

A 2013 aka kafa duwatsun tunawa a gaɓar kogin, aka zana sunayen mutum 59 ɗin. Mama ta je ta karanta daga sama har ƙasa, babu nasu. Ta haɗiye abin ta ajiye a ciki, har ranar da tsautsayi ya sa na gyara mata wayarta a gaban mutane.

"Ashe ka iya kwamfuta," in ji ta.

"Ɗan abin da ba a rasa ba, Mama."

"To, ka nemo mini takardar mutuwarsa da inda aka binne shi. Zan kai musu su ƙara sunansa."

Aiken suruka ba a ce masa sai na duba. Na ce to.

Da na kira mahaifina a Sakkwato na ba shi labari, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "In kun samo shi, tashinsa za ku yi?" Na ce a'a Baba, suna kawai za a rubuta a dutse. Ya ce in dai kabarin ɗan Sikotland take nema, in gaya mata muna da ɗaya a ajiye: Kyaftin Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yaronsa Richard Lander ya binne shi a bayan gari. Ya ce har yau bai ji danginsa sun zo sun dame mu ba.

Aikin da farko kamar mai sauƙi. Hukumar adana bayanan ƙasar tana da shafi a intanet mai suna ScotlandsPeople. Tun daga 1 ga Janairu 1855 doka ta wajabta rubuta kowace haihuwa da aure da mutuwa. Kafin nan littattafan coci ne, kuma su ba su cika damuwa da mamata ba, sau da yawa abin da za ka tarar kuɗin hayar baƙin ƙyallen da ake lulluɓe akwatin gawa ne kawai. Namu ya mutu bayan 1855, don haka na ce kafin shayi ya huce na gama.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne al'adarsu ta raɗa suna. Ɗan fari na miji ya ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu ya ci na wajen uwa, haka ake juyawa har abada. 'Yan'uwa biyar in suka haihu, an sami yara biyar masu suna ɗaya a unguwa ɗaya, kusan shekara ɗaya. Ga shi kuma sunayen ba sa zama wuri guda: Peter yakan koma Patrick, Donald ya koma Daniel, Janet ta wayi gari Jessie. Duba jerin sunaye kyauta ne, amma ganin ainihin shafin sai an biya. Ni kuwa sai buɗe mamatan mutane nake yi. Na san wani mai gyaran takalmi da tarin fuka ya kashe, na san wani da doki ya harba, na san jarirai ba iyaka. Har uwargida ta fara tambayar wace ce wannan da banki ke turo mana saƙon cire kuɗi saboda ita kullum ƙarfe biyun dare.

A 1879 babu shi. A 1880 ma babu. Ƙidayar jama'a ta 1881 kuwa ta nuna matarsa a Dundi, ma'aikaciyar masaƙa, da yara uku, an rubuta mijinta ya mutu. A maƙabartar garin ma ga dutsenta nan tsaye, da sunansa a sama, an zana cewa kogi ya ci shi. Mama ta ce ai wannan ya isa shaida. Na ce Mama, mai sassaƙa dutse abin da aka biya shi yake rubutawa. A zuciyata na faɗa.

Sai wani dare na cire shekara, na cire gari, na ce a kawo mini duk mai irin wannan suna a faɗin ƙasar wanda shekarun haihuwarsa suka yi daidai. Takardar mutuwa ta Sikotland ba ta da rufin asiri. Tana faɗin sana'ar mamaci, da sunan matarsa, da sunan ubansa da abin da uban yake yi, da sunan uwarsa har da na gidansu kafin ta yi aure. Mutum zai iya sauya gari, ya sauya suna, amma da wuya ya tuna ya sauya uwa. Na buɗe wani shafi na Gilasgo, shekarar 1912, rubutun alƙalami mai kwance. Sunan farko ya ɗan karkace. Uba, daidai. Uwa, daidai, har sunan gidansu. Ciwon ƙirji ne ajalinsa. A layin mata kuma ga sunan wata baiwar Allah da ba a taɓa jin ta a dangin ba.

Mutumin da ya nutse a 1879 ya ƙara shekara 33 a duniya, kuma ya yi amarya.

Na tashi uwargida na nuna mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta tsaya cak ta dube ni ta ce in kuskura in ce wannan sunnar gidansu ce da ya kamata a raya. Ni ban ce komai ba. Takardar auren ta 1884 ta nuna ya gabatar da kansa a matsayin tuzurun da bai taɓa aure ba, wanda a dokar ƙasar laifi ne na ɗauri. Ƙidayar 1891 ta same shi a unguwar Springburn, leburan masana'antar ƙera kan jirgin ƙasa. A nan na ajiye linzamin kwamfuta na yi salati. Kan jirgin da ya faɗa Tay, mai lamba 224, a wannan unguwar aka ƙera shi. An tsamo shi daga ruwa, an gyara, ya ci gaba da jan kaya har 1919. Wato ƙarfen da ya nutse da gaske ma ya riga ya dawo bakin aiki, har ya binne wanda ya yi nutson ƙarya.

Saura kabari. Daga 1855 zuwa 1860 takardar mutuwa tana faɗin inda aka binne mutum, daga baya aka daina. Abin da tawa ta ba ni shi ne inda ya cika: lamba 133, titin Balornock. Na ce ai wannan gidan amarya ne, ƙila jikoki suna nan. Bahaushe ba ya zuwa gidan dangi hannu rabbana, don haka na sa babbar riga a ƙarƙashin rigar sanyi, na sayi kwalin biskit mai man shanu, na hau jirgi zuwa Gilasgo ina haddace yadda zan gabatar da kaina: mijin jikar jikan mijin kakarku ta wajen uwargida.

Lamba 133 asibiti ne. Stobhill, wanda hukumar kula da matalauta ta gina a farkon ƙarnin da ya wuce. A wancan zamani ba a rubuta sunan irin waɗannan wurare a takardar mutuwa, sai a sa lambar titi don a sakaya wa dangi. Matar da ke wurin karɓar baƙi ta ga biskit ta tambaye ni dubiya na zo. Na ce kusan haka. Ta ce yaushe aka kwantar da shi. Na ce 1912. Ta dube ni, ta dubi hulata, ta tambaye ni cikin tausasa murya ko akwai wanda ya rako ni.

A ɗakin karatu na Mitchell gaskiya ta fito, inda ake ajiye tsofaffin takardun birnin. A can akwai manyan littattafan masu neman tallafin talauci. A wancan zamani duk wanda ya rasa yadda zai yi, sai ya je gaban sufeto, shi kuma ya tatse shi tas: ina aka haife ka, wane coci, ina da ina ka zauna, 'ya'ya nawa, nawa kowannensu yake samu a mako. Ba tausayi ke sa shi tambaya ba. Doka ta ɗora wa 'ya'ya ciyar da iyayensu, shi kuma nema yake ya sami wanda zai miƙa wa lissafi. Ni a ganina duk cikin masu rubutun nan shi kaɗai ya cancanci albashinsa. Mai ƙidaya an yi masa ƙarya ya rubuta, mai ɗaura aure an yi masa ya rubuta, mai sassaƙa dutse ya zana tasa a kan dutse mai tsada. Wanda ke bin kuɗi ne kawai bai yarda da maganar baki ba.

Shafin tsohon namu ya cika har gefe. Ya amsa cewa yana da mata a Dundi. Ya ce ya bar gida a makon da gada ta faɗi, da ya ji an sa shi cikin mamata kuma bai ga dalilin ƙaryata mutane ba. Sufeto ya aika wa babban ɗansa wasiƙa yana neman gudummawa. A ƙasa, da wani tawada daban, an rubuta amsar a taƙaice: ɗan ya ƙi, ya ce ubansa ya mutu tun 1879. Wannan ɗan shi ne kakan Mama, wanda take cewa yakan ɗauke ta a kafaɗa ya nuna mata guntayen ginshiƙan tsohuwar gada da har yau suke leƙowa daga ruwa. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta.

Rajistar maƙabarta ta ba ni sashe da lamba. Ana yayyafi na isa. Wani ma'aikaci ya kashe injin yankan ciyawa ya karɓi takardata, ya wuce da ni ta gaban manyan duwatsu masu mala'iku da ginshiƙai, har muka fita wani fili fetal, ciyawa kore shar, ba ko tsinke a kafe. Ya ce nan ne filin gama-gari, inda hukuma ke binne wanda ba shi da mai saya masa rami. Mutane da yawa a rami guda, wani kan wani, kuma ba a yarda a sa dutse ba. Ya ƙirga taku daga bango, ya tsaya, ya buɗe hannuwa biyu ya ce tsakanin nan da waccan bishiyar. Na tsaya riƙe da kwalin biskit, wani kare da aka fito da shi shan iska yana shinshina gefen babbar rigata. Ma'aikacin ya tambaye ni ɗan'uwana ne. Na ce ta wajen aure. Ya ce ai su ne suka fi wahalarwa. Shi na ba biskit ɗin.

Ranar Lahadi muka je cin abinci gidan Mama. Yaya mutum zai dubi idon surukarsa ya ce mata gwarzon gidanku gudu ya yi? Na fara daga nesa. Na ce Mama, a garinmu namiji yakan ajiye mata biyu, kuma ba a ganin... Uwargida ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Sai kawai na jera takardun a gabanta, na sunkuyar da kai.

Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce uffan ba. A kan amsar kakanta ta daɗe. Sannan ta ɗora yatsa a kan sunan amaryar.

"Ita wannan, yaushe ta mutu?"

"A 1907, Mama."

"Tamu fa?"

"A 1921."

"Akwai dutse a kanta?"

"Babu, Mama. Filin gama-gari ita ma."

Ta cire tabarau ta ninke. "Madalla," in ji ta. "Ƙaro dankali, ka rame."