Maƙeran Marmari da Ire-irensu

A ƙasar Hausa ƙira sana'a ce ta gado, wadda yaro yake buɗe ido ya tarar da ita a gidansu, ya shafe shekaru yana zuga da fasa gawayin ƙirya kafin a yarda ya ɗaga masaba, kuma tun yana ƙarami ya san ko shi na maƙeran baƙi ne masu fartanya da gatari, ko na maƙeran fari masu azurfa da tagulla. A Amurka da Ingila kuwa, inda masana'antu suka daɗe da raba maƙerin ƙauye da abincinsa, sana'ar ta dawo ne a matsayin marmari, ta yadda akanta ko malamin makaranta zai share wani lungu a garejinsa, ya hura wuta ranar Asabar, ya yini yana dukan ƙarfe ba don cefane ba. Ƙungiyar maƙera ta ABANA, wadda aka kafa a garin Lumpkin na jihar Jojiya a 1973, ta taimaka wajen farfaɗo da aikin, sannan shirin talabijin na gasar ƙera wuƙaƙe mai suna Forged in Fire, wanda tashar History ta fara nunawa a 2015, ya turo sababbin shiga rututu. Da yake akasarinsu ba su da uba ko kawu da zai tsawata musu a bakin wuta, halin kowa ne yake zama malaminsa, kuma ba a daɗewa halin yake bayyana.

Wanda aka fi saurin ganewa shi ne sarkin kaya, mutumin da ya yi imani cewa ba a fara ƙira sai an kammala sayayya, sayayya kuwa ba ta kammaluwa. Yakan bi gwanjo da tsofaffin gonaki yana farautar uwar maƙera irin ta Turawa, wato dunƙulen ƙarfe mai ƙaho a gefe guda don lanƙwasa aiki, kuma burinsa ya samu ta kamfanin Peter Wright na Ingila ko ta Hay-Budden da aka ƙera a Buruklin. Ya ƙware wajen karanta lambobi ukun da ake bugawa a jikin na Ingila, inda ta farko take nufin laba 112, ta biyu laba 28, ta uku kuma laba ɗaiɗai, saboda haka yana ganin 1-0-14 zai sanar da duk wanda ke kusa cewa nauyinta laba 126 ne, kimanin kilo 57, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. A aljihunsa akwai 'yar ƙwallon boris da yake sakewa a kan fuskar uwar maƙera ya ga iya tashinta, domin mai kyau tana mayar da ita kusan inda ta fito. Yana da awartaki iri goma da masaba iri bakwai a jere a bango, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa jin ɗumin wuta.

Kishiyarsa shi ne mai takobi, wanda ya kalli talabijin daren Juma'a ya wayi gari da niyyar ƙera takobi, alhali bai taɓa miƙar da ƙusa ba. Labarinsa ya cancanci a tsaya a kai, saboda a cikinsa ake ganin duk tarkon da ƙarfe yake ɗana wa mai gaggawa. Ƙarfe a wuta yana tashi daga ja zuwa ruwan goro, zuwa ruwan ɗorawa, zuwa fari, kuma idan ya fara fesa tartsatsi to ya soma ƙonewa ke nan, sai dai mai takobi yakan ɗauki tartsatsin a matsayin alamar aiki na tafiya, har sai ya zaro sandar ya tarar tsininta ya zama kashin maƙera. Sai ya yanke wurin, ya ce dama gajeren takobi ya fi daɗin riƙo. Daga nan sai ban-ruwa, wato tsoma ƙarfe mai zafi cikin mai ko ruwa don ya yi tauri, inda yakan zaɓi ruwan sanyi saboda ya fi tashin tururi da ban sha'awa, ya ji wata 'yar ƙara ƙas, wadda ita ce sanarwar cewa kaifin ya tsage. Haka aikin yake ta raguwa daga takobi zuwa wuƙar yanka, daga nan zuwa ta yankan albasa, har a ƙarshe ya fito da wani abu mai tsawon ɗan yatsa, ya ajiye a kan tebur ya ce na buɗe wasiƙa ne.

Akwai kuma ɗan jari-bola, wanda yake ganin kashe ko sisi a kan ƙira zubar da mutunci ne. Murhunsa tsohon duram ɗin birkin mota ne, zuga-zuginsa na'urar busar da gashi ta uwargida, uwar maƙerarsa guntun ƙarfen layin dogo. A gaskiya wannan ya fi sarkin kaya kusa da hanya, tun da maƙeran Kano da Damagaram ma sun daɗe suna fitar da gatari da wuƙa daga sifirin mota, bambancin kawai shi ne su sun san abin da suka tsinto. Shi kuwa komai ya gani sai ya cusa a wuta, har bututun da aka lulluɓe da sinadarin zinki, wanda farin hayaƙinsa yake kwantar da mutum da zazzaɓi da ciwon jiki. Abin alfaharinsa shi ne wuƙar da ya ƙera da ƙusar layin dogo, mai murɗaɗɗiyar ƙota, kyakkyawa a ido, amma da yake kabon ɗin da ke cikin irin wannan ƙusa kaɗan ne, kuma kabon shi ne sinadarin da yake sa ƙarfe ya karɓi ban-ruwa, wuƙar takan dakushe tun kafin ta gama da tumatir na uku.

Shehin malamin ƙira bai cika zufa ba, domin aikinsa a baki yake. Ya san cewa 1084 na nufin ƙarfe mai kabon kimanin kashi 0.84 cikin ɗari, cewa 5160 shi ne na sifirin mai ɗan sinadarin kuromiyam, kuma cewa ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770 na ma'aunin Salshiyas, abin da maƙera suke amfani da shi su gane lokacin ban-ruwa ya kusa. Duk wannan gaskiya ne, kuma mai amfani ne. Matsalar ita ce yakan kwashe sa'a biyu yana jayayya a kan wani tsohon camfi na maƙeran wuƙa, wai sai an fuskantar da tsinin wuƙa arewa lokacin tsomawa sannan ba za ta karkace ba, yana rushe shi da hujjoji, gawayi kuma yana cinyewa a banza. An ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, shi kuwa nasa ƙarfen yakan huce yana tsakiyar bayani.

Mai gemu da walkin fata, wanda ya fi ɓata lokaci wajen saita kyamara fiye da saita wuta, ba ya buƙatar dogon sharhi, haka ma mai manta cewa ƙarfen da ya kai digiri 400 baƙi ƙirin yake kamar mai sanyi. Maƙeran Hausa suna da'awar asirin wuta, har su yi wasa da jan ƙarfe idan makaɗan dundufa sun zuga su. Mai mantuwar nan kuwa bai gaji komai ba, saboda haka idan ya damƙi ƙarfen yakan yi rawa ba tare da kiɗa ba.

Mafi ƙarancin armashi a cikinsu, kuma wanda hannunsa yake faɗawa da gaske, shi ne mai ƙugiya. Wannan ya ji an ce mai koyo ya fara da ƙugiyar rataya mai lanƙwasa biyu, sai ya kama ta bai sake ba, saboda a cikin wannan ɗan aiki akwai jan ƙarfe ya yi tsini, da mayar da mai kusurwa huɗu ya zama mulmulalle, da naɗe baki, da murɗawa, waɗanda su ne ginshiƙan sana'ar. Bayan ƙugiya sai ganyen ƙarfe na maƙala makulli, sai mabuɗin kwalba, sai sandar tona wuta, har wata rana ya ƙera awartakinsa da kansa, wanda a wajen masu wannan harka shi ne shaidar yaye. Illarsa tana kan dangi ne, domin babu bikin aure ko Kirsimeti ko murnar haihuwa da zai wuce ba tare da kowa ya samu ƙugiya ba, har surukarsa ta rasa bangon da za ta ƙara kafa ƙusa.

Ba za a rufe lissafin ba sai an sa waɗanda ƙira ta faɗa wa ba da shawararsu ba. Uwargida takan nemi man girkinta na kanola ta tarar an juye shi a bokitin ban-ruwa, sannan ta buɗe tandar gashin burodi ta ga wuƙa kwance a ciki, domin ƙarfen da aka ba ruwa yana da saurin karyewa, dole a gasa shi a kimanin digiri 200 na tsawon sa'a biyu, galibi har sau biyu, ya rage gautsi, kuma babu tanda mai daidaiton zafi a gidan sai tata. Maƙwabci kuwa amo ne rabonsa, tun da uwar maƙera mai kyau tana da ƙara mai ratsa bango, kuma sarƙar da ake naɗa mata da maganaɗisun da ake manna mata a ƙarƙashin ƙaho suna rage ƙarar ne kawai. Idan haƙurinsa ya ƙare ya tsallako da niyyar faɗa, akan tarbe shi da fara'a, a zagaya da shi ya ga murhu, a ba shi masaba ya gwada bugu biyu, kuma a cikin irin waɗannan maƙwabta akan samu wanda mako na zagayowa za a gan shi a wurin gwanjo yana tambayar kuɗin Peter Wright.