Hassana Na Ruri, Usaina Na Raɗa

Saura mako biyu bikin ƙanwata na shigo gida da wufa biyu a bayan a-daidaita-sahu. A Sabon Gari na saye su, kamfani ɗaya, inci 18 kowacce, ko uwarsu ba za ta bambance su ba. Nan take yara suka raɗa musu Hassana da Usaina. Na tsaya a tsakar gida na shelanta cewa bana babu DJ ɗin da zai ci sisinmu, sannan muka kai su ɗakin Inna, don ƙofarta ce kaɗai mai kwaɗon kirki.

Ana jibi kamu na fito da su gwaji. Hassana na jingina ta a lungun katanga kusa da madafa, Usaina kuma na ajiye ta a fili gefen rijiya. Na haɗa amfilifaya, na saki kiɗa. Hassana ta yi wani ruri da sai da murfin tukunya ya kama rawa. Usaina kuwa kamar amaryar da aka tambaya sunan mijinta.

Mai shagon na fara zagi a zuci, Allah ya yafe mini. Daga baya na tuna abin da na taɓa ji, cewa lungu yana ƙara wa wufa murya, saboda bangon nan biyu suna maido da sautin gaba. Na sa yara muka yi musu musayar wuri, muna nishi kamar masu dakon siminti. Usaina ta ɗan farfaɗo, amma har yanzu ba ta kamo ƙafar 'yar'uwarta ba. Na sauya wayoyinsu a bayan amfilifaya, ta hagu ta koma dama. Da a ce laifin amfilifaya ne, da cutar ta koma kan Hassana. Ba ta koma ba.

A nan ya kamata in kira mai gyara. Maimakon haka na ɗauko sukundireba. Ina cikin kwance wayoyin bayan Usaina aka ɗauke wuta, na ƙarasa aikin da fitilar waya a baki, yawu na zuba. Da aka tada inji na jera su kafaɗa da kafaɗa, na murɗa.

Shiru. Wato kiɗa na tashi, amma dukan nan da ke taɓa ƙirji ya ɓace gaba ɗaya. Na zare wayar Usaina, Hassana ta dawo da rurinta. Na mayar, duka biyun suka yi laƙwas. Sau bakwai na yi wannan, ina zarewa ina mayarwa, har maƙwabcinmu ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Malam, wannan ba aikin waya ba ne, baki ne. Ka cika faɗa a gaban mutane." Na kusa yarda. Har na fara tunanin inda Inna ke ajiye habbatussauda.

Da safe na aika aka kira wani yaro mai gyaran rediyo a bakin layinmu, wanda ko gemu bai fara ba. Ya ɗora mita a kan kowacce, ta nuna 6 da 'yan kai. Na yi tsalle na ce ga shi nan, an rubuta om 8 a jiki, an cuce ni. Ya ce, "Yallaɓai, haka lafiyayya take nunawa a mita, kullum ƙasa da abin da aka rubuta." Na koma na zauna.

Sai ya zare batirin tocila, mai bolt 1.5, ya taɓa wayar Hassana. Faifan takardar ya turo waje. Ya taɓa ta Usaina daidai yadda ya yi wa ta farko, faifan ya shige ciki. Ya dube ni, ya dubi bayan akwatin, cikin ladabi ya tambaya wa ya ɗaura jar waya a gurbin baƙa. Na ce yara ne. Yaran suna tsaye a wurin.

Bayaninsa ya fi zagi ciwo, don a fili yake. Wufa iska take turawa. In ɗaya na turawa a daidai lokacin da ɗaya ke ja, abin da wannan ta bayar waccan ta kwashe. Kuma sautin ƙasa dogo ne, na hez 50 ya kusa mita 7, saboda haka akwati biyu da ke manne da juna kamar a wuri ɗaya suke, sai su cinye juna tas. Garin gyaran gira na rasa ido ke nan.

Ya gyara wayar, ƙirji ya dawo yana amsawa. Amma ciwon asali na nan, Usaina tana magana kamar mai mura. Yaron ya durƙusa ya kara tafinsa a bakin ramin da ke ƙasan Hassana, iska na busowa. Ya ce ramin nan ba ado ba ne, an auna tsawonsa da faɗinsa ne don iskar cikinsa ta taya faifan fitar da sauti mafi zurfi. Ya kara a na Usaina, ko ƙuda ba za ta kora ba. Ya zura hannu har gwiwa, fuskarsa ta canja, ya jawo turmin atamfa guda, an naɗe shi tam, an ɗaure da tsohon ɗankwali.

Kafin mu kwance sai ga Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu, da saurin da rabona da ganin ta yi shi tun ina firamare.

"Kai! Ajiye min kayana!"

Kuɗin gudummawar biki ne gaba ɗaya a ciki. Ta ce ta duba ɗakin kaf ba ta ga inda ɓarawo ba zai yi tunani ba sai nan. Ta zauna a kan turmi ta ƙirga su sau biyu a gabanmu, tana yi tana hararar yaron. Ya ce aikinsa naira 3,000 ne. Na kalli ƙullin da ke cinyarta, ta kawar da kai, na laluba aljihuna.

Da ta miƙe za ta shiga ciki ta waiwayo ta nuna Usaina da muciya. "In an gama bikin, ka mayar min da akwatina ɗaki."