Mu 'Yan Ajin Manya

In an tashi daga sujadar Hausa ranar Lahadi, yara sun watse, mawaƙa suna naɗe rigunansu, sai ka ga wasu sun ja bencina sun yi da'ira ta wajen taga. To, mu ne. A takardar sanarwa sunanmu ajin binciken Littafi Mai Tsarki na manya. Maƙwabtanmu Musulmi da ke jiyo mu ta katanga kuwa majalisa suke ce mana, kuma ba su yi ƙarya ba.

Tarkace ne mu. Akwai Bajju, akwai Kataf, akwai Angas da Bura, ga Hausawa 'yan asalin Wusasa masu gyara wa kowa lafazi ba a tambaye su ba. Hausa ce ta tara mu, da ita muke addu'a, da ita muke musu. Baba Dattijo har gobe tsohuwar fassarar 1932 yake riƙewa, wadda su Likita Miller suka yi wa aiki, bangonta ya sha ɗinki. Yawancinmu wadda ta biyo bayanta muke ɗauke da ita, matasa kuma a waya suke karantawa. Aya guda sai a karanto ta kala uku, kafin a daidaita an ci rabin lokacin.

Doka ɗaya ce muke ji da ita: a ajin nan Fasto ba ya wa'azi. Ya riga ya yi nasa a bagade. Bencin baya yake komawa, in yana da magana ya ɗaga hannu kamar kowa. Jagorancin zagayawa yake yi, yau malamin makaranta, wani makon tela. Ni dai ina ganin abin da ya raya ajin ke nan, don mutum ba ya buɗe cikinsa a gaban wanda ke tsaye a kansa.

Laifinmu, in laifi ne, ba mu iya tsayawa kan batu. Ranar da aka ɗauko Farawa sura 41, labarin Yusufu da ya tara hatsi a Masar cikin shekara bakwai na ƙoshi, mai jagora ya zo da takarda cike da darussan haƙuri. Bai kai layi na biyu ba wata mama mai sayar da hatsi ta ce, "Malam, tsaya. Shekara bakwai? Ni wakena ko damina ba ya kaiwa ƙwari sun mai da shi gari. Yaya ya yi?" Shi ke nan, an bar Masar an dawo gida. Wani ya ce toka, wani ya ce barkono, wani ya ce shi fiya-fiya yake ɗan yayyafawa. Nan mata suka yo kansa ca, wai ashe shi ke ciyar da mutane guba. Sai wani tsohon malamin gona ya kawo zancen buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi: leda biyu masu kauri a cikin buhu guda, a busar da waken sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron ba ya samun numfashi, sai ya mutu ba tare da an sa magani ba. Sharaɗin kawai kada leda ta huje, kada kuma a riƙa kwancewa ana leƙe. Aka tashi ba a ce komai a kan haƙuri ba. Da kaka ta zo, gidaje da dama sun sayi buhun.

Haka aka yi da zancen aure. An fara da Ishaku da Rifkatu, aka ƙare a gwajin jini. Wata nas da ta yi ritaya ta tashi ta warware abin da da yawanmu muka daɗe muna cuɗawa. Mun ɗauka in mai AS ya auri mai AS, cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai zo da sikila. Ta ce a'a, kowane ciki da nasa lissafin, ɗaya bisa huɗu, don haka ana iya jera biyu ko uku, ana kuma iya tsallakewa gaba ɗaya. Wani baba ya ce, "Mama Nas, ina bangaskiya kuma?" Ta ce, "Baba, wanda ya ba mu bangaskiya shi ya ba mu asibiti." Daga nan wata da ta yi shekaru tana jinyar ɗanta ta karɓe, ta faɗi yadda daren ciwon yake, da kuɗin ƙarin jini. Ba littafin da zai ba ka wannan.

Ba wai kullum abin daɗi ba ne. Muna da masu "a taƙaice" waɗanda in sun faɗe ta, to yanzu aka fara. Muna da wanda kowace tambaya sai ya bi da ita ta aikin da ya yi a reluwe. Akwai masu zuwa don jin sirrin mutane, shi ya sa a kan ja kunne cewa abin da aka faɗa a aji a bar shi a aji, ko da yake katangar ba ta da tsawo. Mazan ma sukan fara duba agogo in akwai ƙwallo da yamma.

Musun da ya fi zafi shi ne na gado. 'Yan Zumuntar Mata ne suka nemi a karanta Littafin Ƙidaya sura 27, inda 'ya'yan Zelofehad mata biyar suka je gaban Musa neman gadon ubansu, aka kuma ba su. Da gangan suka zaɓa, kowa ya sani. Gwauraye mata suka yi ta bayani kan 'yan'uwan miji da ke zuwa kwasar takardun gida tun ba a share makoki ba. Mazan suka ce al'ada ce, matan suka ce a nuna musu ayar. Fasto ya ɗaga hannu har ya gaji, tela mai jagora bai ba shi dama ba. Aka tsayar cewa za a gayyato wani lauya ɗan ikilisiya ya koya mana rubuta wasiyya. Baba Dattijo ya ce shi ba zai zo ba, wai kiran mutuwa ne. Matarsa ta ce ba komai, ita za ta zo masa da biro.