Yadda Ake Zaɓa wa Mota Sifirin da Shakazoba a Yankin Gwashi

Sifirin da shakazoba tare suke aiki, amma kowa da hurumin da ya tsaya a kai. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, ya lotsa idan taya ta faɗa rami. Shakazoba kuwa, da man da ke kai-komo a cikinta, ita ke lallashinsa kada ya yi ta tsalle bayan an wuce ramin. Wanda bai rarrabe su ba shi ke sayen shakazoba don bayan motarsa ya zauna, ya koma gida baya na zaune daram, aljihu ne kawai ya yi sauƙi.

Kafin a je kasuwa sai an faɗi gaskiya game da lodi. Golf 3, wadda kamfanin Volkswagen ya fara fitarwa a 1991, an ƙera ta ne don mutum biyar da 'yan jakunkunansu. Ranar kasuwa tsakanin Gwashi, Bukkuyum da Gummi kuwa lissafin daban ne: fasinja biyu a gaba, huɗu a baya, buhunan gero a but, akuya a kan buhunan, ga gyatumar da aka tarar bakin hanya, wadda babu ɗan halak da zai wuce ya bar ta. Makanike yana bukatar jin wannan duka, har da akuyar, domin a kansa ne zai san kaurin sifirin da ya dace.

Sai hanya. Motar da ba ta sauka daga kwaltar Anka zuwa Daki Takwas da Gummi, irin sifirin da ta zo da shi ya ishe ta. Wadda ke shiga ƙauyuka da damina, inda ruwa ya zaizaye burji kuma manyan motoci suka haƙa kwari a laka, tana son mai ɗan ƙarfi da zai ɗaga cikinta daga ƙasa. Gajeren sifirin da samarin birni ke sawa don mota ta kwanta ta yi kyau a hoto, a nan kyansa bai wuce kwalbatin farko ba, inda salansa za ta yi sallama da mai ita.

Akwai dabarar gareji da ta shahara: a cusa guntun taya tsakanin zobban sifirin, ko a ɗauko na babbar mota a ɗora. Motar takan miƙe kam, amma shakazobarta ta kasa riƙe sifirin da ya fi ƙarfinta, sai baya ya riƙa harbi kamar jakin da ƙudan zuma ya ciza. Tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Saboda haka idan an ƙara ƙarfin sifirin, a nemo masa shakazoba daidai da shi, tsawonsu ya dace da juna.

A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ana samun shakazoba sababbi da 'yan Beljiyam, da sunaye irin su KYB, Monroe da Sachs. Suna a jikin kwali ba shaida ba ne, fenti kuma arha gare shi. Mai saye ya duba sandar: tsatsa, karce ko danshin mai sun isa dalilin mayar da ita. Ya danna ya ja da hannunsa, ya ji turjiya bai ɗaya babu inda ta zarce. Mai gas, idan aka sake ta, da kanta take turo sandar waje. Idan mai shago ya ce, "Alhaji, wannan sai dai motar ta mutu ta bar ta," a yi masa godiya, a ci gaba da dannawa.

Bibbiyu ake canza su, dama da hagu tare, ko da ɗaya ce ta zubar da mai. A duba bushin da robobin sama a lokaci guda. Cire sifirin na gaba sai da ƙarfen matse shi, domin wanda ya kuɓuce yana iya karya ƙashi. Bayan an ɗaura a yi alaimen, sannan a danna kowace kusurwar mota da ƙarfi a saki: ta taso sau ɗaya ta tsaya. Duk wannan a cikin gari ake gama shi da rana tsaka, domin a halin tsaron da yankin ke ciki babu direban da ke son buɗe akwatin sifana a tsakiyar daji.